Gubar da ba ta kisa nan take ta fi ba ni tsoro

Jama'a akwai maganar da ta daɗe da tsaya min a rai. In aka ce masana'anta ta gurɓata ruwa, abin da muke hangowa shi ne kifaye sun mutu sun taso sama, ko mutane na amai da gudawa. Wannan ai da sauƙi, an gani an yi ihu. Wadda ta fi ɗaga min hankali ita ce wadda za ta bar ka garau kana harkokinka, alhali ta shiga ta hargitsa homon ɗin jikinka.

Shi homon ɗan saƙo ne, jiki ke sakinsa ɗan mitsitsi cikin jini ya je ya ce wa gaɓa yi kaza. Girma, balaga, haila, ɗaukar ciki, duk sai da saƙonsa, kuma kowanne da ƙofar da yake buɗewa kamar mabuɗi. To wasu sinadaran da aka haɗa a masana'antu sun yi kama da mabuɗin nan, sai su buɗe ƙofar a lokacin da bai dace ba, ko su maƙale a ciki su hana na gaskiyan shiga, jiki kuwa bai san jabu ba, umarni kawai yake bi.

A 1980 maganin ƙwari mai ɗauke da DDT ya malala cikin tafkin Apopka a jihar Florida ta Amurka. Kadojin tafkin suka ragu sosai, ƙwai da yawa ya ƙi ƙyanƙyashewa, da masanin nan Louis Guillette ya bincika samarin kadojin sai ya tarar homon ɗin maza ya yi ƙasa a jininsu, al'aurarsu ma ta tsumbure. Ka duba fa, kada ne yana iyo, yana farauta, ido ba zai ce maka komai ya same shi ba, amma zuriyarsa aka taɓa.

Wani zai ce ai dabbobi ne. Ɗan uwa kusan homon iri ɗaya ne ke aiki a jikinmu da nasu. A 1976 wata masana'antar sinadarai ta yi aman wata guba mai suna dayoksin a kan garin Seveso na Italiya, shekarun da suka biyo baya mazan da gubar ta fi taruwa a jininsu sai 'ya'ya mata suka fi haifa. Akwai kuma maganin DES da aka yi ta bai wa masu ciki har 1971 a Amurka wai don kada su yi ɓari, iyayen ba su ga komai ba a lokacin, 'ya'yansu mata ne bayan sun zama 'yan mata wasu suka kamu da wani irin kansar farji da ba a saba gani ba. Wannan ne ke sa jikina sanyi wallahi, jaririn da ke ciki shi ya fi kowa rauni, kuma illar sai ta yi shekara ashirin a ɓoye.

Yanzu ga BPA, wani sinadari mai kwaikwayon homon, a robobi da cikin gwangwani, Tarayyar Turai ta hana sa shi a fidar jarirai a 2011. Ga PFAS, sinadarin da ake sa wa kaya don kada ruwa ko maiƙo su kama su, da ba ya ruɓewa, yana taruwa a jini.

Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne tsarin a saki sinadari kasuwa, sai ya yi ɓarna sannan a ce mutane su kawo hujja. Wa ke da kuɗin gwaji a lab? Wanda ya haɗa abin yake cin ribarsa shi ya kamata ya fara nuna cewa ba ya taɓa homon. Ku dubi fentin TBT da ake shafa wa gindin jiragen ruwa, tun wajen 1970 aka ga matan dodon koɗin teku na tsiro al'aurar maza, daga baya aka gano fentin ne, amma haramcin duniya bai fara aiki ba sai 2008, kuma har yau yana kwance cikin taɓon tashoshin jiragen ruwa da yawa.