Daudu Ba Baƙon Abu Ba Ne a Maraɗi

Abin yana damuna in ji ana cewa Turawa da intanet ne suka kawo mana 'yan daudu. Masu faɗin haka suna da dalili: yanzu a waya ake yawan ganinsu, kuma daga waje ake jin gardamar 'yancin masu neman jinsi. Sai dai tarihin garin nan bai goyi bayan maganar ba.

Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, sun zo da borinsu, kuma Iya ce shugabar 'yan bori a fada, kamar yadda Inna take a Tsibiri, garin Gobirawa da ke kusa da Maraɗi. 'Yan daudu sun daɗe cikin wannan da'ira da ta mata masu zaman kansu: su yi girkin biki, su yi rawa, su sayar da abinci. Ku tambayi kowane tsohon direba wa yake soya kaji a tasha tun kafin zuwan wayar hannu. Zai ce muku namiji ne da zane a ƙirji, yana tafa hannu yana habaici, ciniki kuwa sai wanda ya gani.

Kuma ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba. Da yawansu magidanta ne da 'ya'ya. Abin da ya sauya shi ne zamansu a fili. Da wa'azi ya tsananta, musamman bayan tarzomar 2000 da aka far wa mashaya da gidajen mata a Maraɗi, sai suka ja da baya, har matasa suka taso ba su san an taɓa yin haka ba.