Su wa ke auna ƙasashe kafin a ba su bashi?

Jama'a, duk wanda ya taɓa neman kaya bashi a Kantin Kwari ya san kafin Alhaji ya buɗe littafi sai ya tambaya: wa ya san shi? Ya taɓa cinye kuɗin wani? Ƙasashe ma haka ake yi musu, sai dai kamfanoni uku ne suka kankane harkar ba da wannan shaida: Moody's, S&P da Fitch. Su ke cewa wannan ƙasa AAA ce (maki mafi girma), waccan B, waccan Caa (makin da ke can ƙasa, mai nuna haɗarin kasa biya), kuma da wannan maki masu kuɗi ke yanka maka ruwan da za ka biya.

A Disambar 2024 Najeriya ta ciyo bashin dala biliyan 2.2 a kasuwar duniya, wani kaso nasa da ruwan da ya haura kashi 10 cikin ɗari. Daga ina kuɗin ruwan nan zai fito in ba daga kason asibiti da makaranta ba? Ga kuma manyan asusun fansho na Turai da Amurka, da yawansu ƙa'idarsu ta hana su sayen takardar bashin da makinta ya yi ƙasa. Ana rage maka maki, masu saye sun watse ke nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, galibi wanda ake aunawa shi ke biyan mai awon. Mun ga inda hakan ya kai duniya a 2008. Takardun bashin gidaje na Amurka, waɗanda aka ɗora kan mutanen da ba su da halin biya, an buga musu AAA. Bankin Lehman Brothers yana riƙe da makin A har dab da rushewarsa a watan Satumba na shekarar. Mutane sun rasa gidaje da ayyuka. Don sasanta zargin da hukumomin Amurka suka yi musu kan makin da suka buga wa waɗannan takardu, a 2015 S&P ta amince ta biya kusan dala biliyan 1.4, Moody's kuma miliyan 864 a 2017, aka ci gaba da kasuwa kamar ba a yi ba.

Amma fa gaskiya ɗaya ce. A Fabrairun 2022 Moody's ta sauko da Ghana zuwa Caa1, gwamnatin ƙasar ta yi ta ƙorafin an zalunce ta. Kafin shekarar ta ƙare, a Disamba, Ghana ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje. A nan masu awon ba su yi ƙarya ba.

Shi ya sa nake goyon bayan yunƙurin Tarayyar Afirka na kafa hukumar awo ta nahiyar, amma da fargaba a raina. In gwamnatocinmu ne za su riƙa biyanta suna jiran yabo, ramin 2008 za ta faɗa, kuma mai kuɗi a Landan ko kallon makinta ba zai yi ba. Ina so in ga ranar da za ta rage wa wata babbar ƙasarmu maki a shekarar zaɓe, ministan kuɗi ya yi fushi, shugaban hukumar kuma ya ci gaba da zama a kujerarsa.