Kafin Ka Kai Hannu Kan Makunnin Fitilar Ofis

'Yan uwana matasa da Allah Ya ba aikin ofis a Katsina, ko a sakatariya kake, ko a banki, ko ofishin makaranta, akwai wani abu da muke rainawa alhali yana ɓata zama: fitila. Mutum huɗu a ɗaki ɗaya, makunni ɗaya. Wannan ya shigo ya kunna, wancan ya miƙe ya kashe, babu mai cewa uffan. Kafin wata ya ƙare gaisuwa ta koma ciki-ciki, an fara cewa wane ba ya ganin kowa da gashi.

Ku sani idanunku ba ɗaya ba ne. Daga shekara 40 ido yake fara gazawa wurin karanta ƙaramin rubutu, kuma ɗan shekara 60 yana buƙatar haske ninki biyu ko uku na ɗan shekara 20. Dattijon nan na kusurwa, tabarau a kan hanci, yana bin lambobin albashi da yatsa a tsohon fayil, in ya kunna ƙwayayen duka ba iko yake nuna maka ba, gani yake nema. Kai da ke gaban kwamfuta, hasken sama na faɗowa kan gilashi yana kashe maka ido, kai ma da gaskiyarka. Ga kuma 'yar uwa mai ciwon ɓarin kai. Tsohon dogon ƙwan nan mai gurnani yana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Ido ba ya kamawa, amma yana tayar wa wasu ciwon kai. In ta roƙi a kashe shi, ba shagwaɓa take yi ba.

Manzon Allah (SAW) ya hana cuta da cutarwa, hadisin yana cikin Arba'una da muka haddace a Islamiyya. Barin mutum yana murza ido cikin duhu cuta ce, tilasta masa hasken da ke sa shi ciwo ma cuta ce.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne kashewa a ɓoye, a jira mutum ya fita sallar Azahar a lallaɓa a danna. Wannan raini ne, don Allah ku bari. Buɗe baki ka ce: "Baba, ranka shi daɗe, hasken nan yana bugun kwamfutata. In kashe na gefena in bar maka naka?" Da wuya babba ya ji wannan ya ƙi.

Sau da yawa ma laifin na zaman tebura ne. Mai aikin takarda ya koma kusa da taga. Mai kwamfuta ya juya yadda tagar za ta kasance a gefensa, kada ta zama a gabansa ko a bayansa. Wanda haske bai ishe shi ba, a samo masa fitilar tebur mai caji, tana nan a kasuwa. In ana sauya ƙwai a sa na LED, a duba kwali: mai lamba 6500K fari ne fat, mai 3000K yana da ruwan ɗorawa, mai 4000K na tsakiya ne, shi ne akasari ke yi wa kowa daɗi. Mafi sauƙi, a kira mai gyaran wuta ya raba layin, kowane ɓangare da makunninsa.

Kuma kada ku ɗauka shawarar da aka yanke yau ta har abada ce. Da hunturu hazo na rufe gari, a rufe tagogi saboda ƙura, ɗaki ya yi duhu tun da hantsi. Da bazara kuwa labule ake saki saboda zafin rana. Ranar da KEDCO ta ɗauke wuta aka koma sola ko janareta, dole a rage ƙwayaye, to a zauna a zaɓi waɗanda za a bari, a fara da na mai raunin ido.

In kun gwada duka abin ya ƙi, ku tafi wurin shugaban sashe ku biyun tare, kowa ya faɗi damuwarsa a gaban ɗan uwansa. Kada ɗaya ya riga zuwa ya kai ƙara a bayan idon ɗaya.