Sai an kawo tsoho a kan katifa za ku yarda yana da rai?

Wai an sake kiran tsofaffin sojoji tantancewar fansho. Haba jama'a! Mutumin da ya ɗauki bindiga a yaƙin basasar Najeriya a 1967, yau ya kusa tamanin ko ya haura, shi za a ce ya taso daga Zuru ya bi layi cikin rana don ya tabbatar bai mutu ba?

Kawuna kurtu ne a runduna ta biyu, wadda Murtala Muhammad ya jagoranta. Suna cikin waɗanda aka cusa a jiragen ruwa a watan Oktoban 1967 aka ce su ƙetare kogin Kwara daga Asaba su ci Onica. Da yawa daga cikin abokansa ruwa ya ci su, ko gawa ba a kawo gida ba, iyayensu a ƙasar Dakarkari suka yi ta jiran ɗan da ba zai dawo ba. Shi ya tsira, da ɓarɓashin ƙarfe a cinya. Har yau idan hunturu ya shigo ba ya iya tanƙwara ƙafar, a zaune yake salla.

Sojan Najeriya kafin yaƙin bai wuce dubu goma da 'yan kai ba, da aka ajiye makamai a Janairun 1970 ya kusa dubu 250. 'Ya'yan wa kuke tsammanin aka kwasa aka cike wannan giɓin? 'Ya'yan manoma ne, da yawansu ko sunansu ba sa iya rubutawa, horon 'yan makonni sai fagen daga. Manyan hafsoshi sun samu tituna da barikoki da sunansu, madalla. Kurtu fa?

Muka ɗauki shatar mota da kuɗin rance, muka shimfiɗa wa Kawu katifa a baya, muka kai shi wurin tantancewar. Muna isa wani yaro sa'an jikansa, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Baba, ina takardar sallamarka ta asali?" Takardar da gara ta cinye rabinta tun ina firamare! Kawu ya ja wando ya nuna masa tabon. Yaron ya ce kwamfuta ba ta karanta tabo, kuma sunan da ke ciki harafi ɗaya ya bambanta, mu je kotu mu yi rantsuwa mu dawo.

Fanshon nan bai kai kuɗin motar da muka biya ba. Ku da kuke da motocin ofis da man gwamnati, me zai hana ku bi su gida-gida? Su nawa ma suka rage?