Mai gida ba cefane: abin da finafinan Iran ke tonawa

Esmail tsoho ne da ke zaune da iyalinsa a wani ƙuntataccen gida a Tehran. 'Ya'yansa maza huɗu ne, kuma babu wanda ya tsaya da ƙafarsa a cikinsu. An rufe masana'antar da ɗaya ke aiki ba a biya ma'aikata haƙƙinsu ba, ɗaya yana wankin banɗaki a wani katafaren rukunin shaguna, ɗaya ya cusa kansa cikin harkar kuɗi mai kama da damfara, ɗayan kuma ya fi ba da ƙarfi wajen kallon kokawa a talabijin. Leila, 'yarsa mace ɗaya tilo, ta kai shekara 40 ba ta yi aure ba, ita ke riƙe da gidan. Ashe duk tsawon shekarun da ake wannan fama, tsohon yana da tsabar zinare 40 a ɓoye. Bai ajiye su don jinya ko jari ba. Ya tanade su ne don ya kai gudunmawar bikin wasu danginsa masu kuɗi, su kuma su naɗa shi shugaban dangi, a kira sunansa a lasifika, mutanen da suka shekara suna raina shi su miƙe masa tsaye.

Labarin fim ɗin Baradaran-e Leila ke nan, wato 'Yan'uwan Leila, wanda Saeed Roustaee ya shirya, aka nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2022. A ganina babu fim ɗin da ya kai shi fito da abin da finafinan Farisanci suka daɗe suna faɗa game da gida: ikon namiji a kan iyalinsa yana ɗaure ne da aljihunsa, kuma ranar da aljihun ya bushe ba ya sakin ikon, sai ma ya ƙara damƙe shi, domin shi kaɗai ya rage masa. Wadda ke biyan farashin wannan damƙa kuwa, kusan kullum mace ce.

Shawarar Leila mai sauƙi ce. A haɗa abin da ke hannu, a ɗora zinaren Baba a kai, a sayi shago, 'yan'uwan su sami abin dogaro. Da Baba ya ƙi, sai aka karkatar da zinaren ba da saninsa ba, ya je wurin biki ya sha kunya a bainar jama'a. Tausayi ya kama mazan, suka fasa cinikin shagon don su mayar masa da kayansa. A daidai nan ne siyasar duniya ta shigo cikin ɗaki. Labarin ya faɗo ne a lokacin da Donald Trump ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar nukiliyar Iran a watan Mayun 2018, takunkumi ya dawo, kuɗin ƙasar ya soma zubewa. Kuɗin da suka karɓo ya kasa sayen zinaren da suka sayar, kuma kowane wayewar gari abin da zai iya saye raguwa yake yi. Suka tashi ba shago, ba zinare, ba sarauta.

Wanda bai san Iran ba zai ɗauka an zuzuta. Lokacin da aka sa hannu a yarjejeniyar a 2015, dala ɗaya ba ta kai riyal 35,000 na Iran ba. Kafin 2018 ta ƙare ta haura 100,000 a kasuwar bayan fage, a watan Maris na 2025 kuma ta tsallake miliyan ɗaya. Shi ya sa Iraniyawa ke ɓoye dukiyarsu a tsabar zinaren da babban bankin ƙasar ke bugawa, Bahar Azadi, mai nauyin kusan giram 8. Har sadaki da ita ake yankewa, kuma galibi ba a biya a take, bashi ne a wuyan miji da matar ke iya nema duk ranar da ta so. Dubban maza sun shiga gidan yari a kansa, har dokar kare iyali ta 2013 ta ƙayyade cewa a kan tsaba 110 na farko kawai za a iya ɗaure mutum. Kar a yi saurin cewa mata sun samu sake. A ƙasar da doka ta ba miji damar saki, ita kuwa matar sai ta gamsar da alƙali, wannan bashin shi ne sandar da ke hannunta, kuma da yawa yafe shi suke yi a bakin takardar saki ko riƙon 'ya'ya.

Wurin da aka fi magana a kansa a fim ɗin shi ne inda Leila ta mari mahaifinta. Duk wanda ya tashi a gidan da ake durƙusa wa iyaye sai ya ji marin a jikinsa, kuma ba na jin Roustaee yana neman a tafa mata. Mun saba cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ga gidan da ita ce ta hango, baban bai hango ba, kuma gaskiyarta ba ta amfane ta da komai ba, domin a tsarin gidan maganar mace shawara ce da za a iya ji ko a watsar. Shi ma tsohon ba dodo ba ne. Mutum ne da aka wulaƙanta tsawon rayuwarsa, yana neman dare ɗaya na mutunci kafin ya mutu. Mai kallo yana jin haushinsa yana jin tausayinsa a lokaci guda.

Shekara 11 kafin wannan, Asghar Farhadi ya yi Jodaeiye Nader az Simin, Rabuwar Nader da Simin, wanda ya ci babbar kyautar bikin Berlin a 2011, ya kuma zama fim ɗin Iran na farko da ya ci Oscar a 2012. Ana yawan ba da labarinsa a matsayin na mata da miji masu rufin asiri da ke son rabuwa: ita tana son barin ƙasar saboda makomar 'yarsu Termeh, shi ba zai bar mahaifinsa mai ciwon mantuwa ba. Ni iyali na biyun ne suka fi tsaya mini a rai. Razieh mace ce mai riƙo da addini, tana da juna biyu, tana doguwar tafiya a motar haya da ƙaramar 'yarta don ta yi jinyar tsohon, ba tare da mijinta Hodjat ya sani ba. Hodjat ya rasa aikinsa na ɗinkin takalmi, bashi ya yi masa katutu, masu bin sa har sun sa an kulle shi. Ba zai iya ciyar da ita ba, amma kuma ba zai lamunci ta yi aiki a gidan namijin da matarsa ta bar gida ba. Ranar farko tsohon ya ɓata jikinsa, sai ta ɗauki waya ta kira layin fatawa tana tambaya ko zunubi ne ta wanke shi.

Da rikici ya ɓarke, Nader ya ingiza ta waje, ta yi ɓari, magana ta kai kotu, aka zo batun diyya. Ga masu bin Hodjat bashi zaune a falonsa suna jiran kuɗin. Sai Nader ya ce ta dafa Alƙur'ani ta rantse shi ne sanadin zubewar cikin. Ta kasa, domin mota ta buge ta kwana ɗaya kafin nan, tana kokwanto, tana kuma tsoron kuɗin haram ya taɓa 'yarta. Hodjat ya bi ta madafa yana roƙo, ya ce zunubin ya hau kansa. Da ta ƙi, sai ya shiga dukan kansa da hannuwansa. Ban san wani wuri a fim da ya nuna namijin da talauci ya tuɓe wa girma kamar wannan ba.

Musulmi mai kallo ba ya buƙatar wani ya fassara masa wannan. Aya ta 34 a Suratun Nisa'i da ta ba maza tsayuwa a kan mata ta ambaci dalili, a cikinsa har da abin da suke ciyarwa daga dukiyoyinsu. Nauyi ne da iko a haɗe. Abin da finafinan nan ke tambaya shi ne me ke faruwa idan tattalin arziki ya raba biyun, nauyin ya koma kan Leila da Razieh, ikon ya tsaya a hannun Esmail da Hodjat, doka kuma ta ci gaba da tafiya kamar babu abin da ya sauya. Har yau dokar Iran ta ba miji damar hana matarsa aikin da yake ganin ya saɓa wa maslahar iyali, kuma matar aure ba ta samun fasfo sai da izininsa. A 2015 kyaftin ɗin 'yan ƙwallon ƙafa ta cikin ɗaki (futsal) mata ta ƙasar, Niloufar Ardalan, ta rasa gasar nahiyar Asiya saboda mijinta ya ƙi sa hannu.

Za a ce na ɗora komai a kan kuɗi, kuma akwai gaskiya a wannan suka. Wani fim daban mai suna Leila na marigayi Dariush Mehrjui, na shekarun 1990, a gidan masu hali yake. Matar ba ta haihuwa, mijin yana son ta, ya ce bai damu ba. Uwar mijin ce ta tasa ta gaba har ta amince a yi mata kishiya, don kada sunan gidan ya ɓace. Babu yunwa a nan, kuma mai tsaron tsarin mace ce 'yar'uwarta. Haka Osama na Siddiq Barmak, wanda aka yi a Afganistan a 2003: yarinya ce aka aske aka sa mata kayan maza don ta nemo abinci, saboda Taliban sun hana mata fita aiki, gidan kuma ba namiji. A can dokar ce ta haifi yunwar. Saboda haka ban ce talauci ne ya ƙirƙiro danniyar ba. Yana dai yaye mata mayafi, domin muddin mai gida yana kawo cefane, ba kowa ke tsayawa ya tambayi iyakar ikonsa ba.

Ɓangarori biyu ne ke yi wa finafinan nan gurguwar fahimta. Hukumomin Tehran suna ganin ana shafa wa ƙasa baƙin fenti don a burge Turawa. An hana nuna 'Yan'uwan Leila a cikin gida, a watan Agustan 2023 kuma kotu ta yanke wa Roustaee da furodusansa Javad Noruzbegi ɗaurin wata shida saboda kai fim ɗin Cannes, ko da yake kwana tara kawai aka ce su yi, aka jingine sauran. Abin mamaki, fim ne da ya nuna ɓarnar takunkumin Amurka ƙarara, fiye da duk wani jawabin jami'in gwamnati. Masu sharhi na Yamma kuwa, da yawansu hijabi kawai suke gani, su rubuta cewa addini na danne mata, su tsallake inda takunkumin ƙasashensu ya cinye jarin gidan. Da Roustaee ya koma Cannes a 2025 da sabon fim da ya yi da izinin hukuma, matan ciki sanye da hijabi, sai wasu masu shirya fim 'yan adawa suka ce ya zama ɗan amshin shatan gwamnati.

Ba na musun cewa bukukuwan Turai suna da irin abin da suke so daga Iran, kuma wani lokaci hakan na bayyana a aikin. Fim ɗin Mohammad Rasoulof na 2024, wanda ya yi a ɓoye kafin ya tsere daga ƙasar bayan an yanke masa ɗaurin shekara takwas, ya fara da ƙarfi: mai binciken kotun juyin juya hali ne bindigarsa ta ɓace a gida a lokacin zanga-zangar 2022 kan mutuwar Mahsa Amini, matashiyar da ta rasu a hannun 'yan sanda bayan an kama ta kan hijabi, ya soma zargin matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Jarumtar Rasoulof ba abin musu ba ce. Amma zuwa ƙarshe uban ya daina zama mutum, ya zama gwamnati sanye da rigar uba. Mai kallo zai tsane shi ya tashi hankalinsa kwance, alhali Esmail da Hodjat ba sa barin ka haka, domin ka san irinsu a danginku.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya shafi mai kallon finafinan Hausa. Masu fim a Kano ma suna aiki ne a ƙarƙashin hukumar tace finafinai tun 2001, kuma kayan aikinsu iri ɗaya ne: saki, kishiya, uwar miji, gado, auren dole. Sau da yawa idan aka yi ƙorafin raunin labari sai a ce dokoki ne suka ɗaure mana hannu. Dokokin Iran ba su fi namu sassauci ba. Jaruma ba ta cire mayafi ko a ɗakin barcinta, namiji da mace ba sa taɓa juna ko da uwa da ɗa suke fitowa. Farhadi ya mai da wannan ƙunci dabara: ingizawar da duk shari'ar ta rataya a kanta ba a nuna ta sosai ba, ƙofa ta tare, don haka mai kallo ma ya zama shaidan da bai tabbata abin da ya gani ba.

Bambancin yana wajen kuɗi. A fim ɗin Iran ka san nawa ake bin mutum, wa ke bin sa, yaushe wa'adi zai cika, kuma rigimar gidan daga nan take tasowa. A yawancin namu, ban ce duka ba, Alhaji mai kuɗi ne kawai, ba a san sana'arsa ba, talaka kuma talaka ne har sai sa'a ta faɗo masa, rikici kuwa makircin wata muguwar mace ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira ta faɗi daga ƙasa da 500 a kan dala a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a cikin shekara guda. A gidaje da yawa yanzu ribar matar da ke sayar da kaya ta WhatsApp ce ke ɗora tukunya, mijin kuma har yanzu shi ake neman izininsa kafin ta fita kai saƙon.