Babu Wanda Aka Yi Shawara da Shi Kafin a Haife Shi

Ƙannena maza da mata, akwai wata magana da ke yawo a TikTok da Facebook, wai kafin a haifi mutum sai an nuna wa ruhinsa duk abin da zai same shi a duniya, a tambaye shi har sau 77 ko ya yarda, shi kuma ya amsa. Ana ɗora mata ƙira'a a baya, sai ta zama kamar wa'azi. Don girman Allah ku daina tura ta.

Wannan magana ba ta cikin Alƙur'ani, ba ta cikin Bukhari ko Muslim. Alkawarin da muka sani shi ne na Suratul A'araf, aya ta 172, kuma tambaya ɗaya ce tak: "Ashe ba Ni ne Ubangijinku ba?" 'Yan Adam suka amsa, suka shaida. Ba a ce da kowa ya zaɓi talauci ko maraici ba. Hadisi na 4 a Arba'una, wanda yawancinmu muka haddace a Islamiyya, ya ce bayan kwana 120 a ciki ake aiko mala'ika ya busa rai, a umarce shi ya rubuta arziki, da ajali, da aiki, da makoma. Umarni aka ba mala'ika, ba a nemi ra'ayin ɗan tayi ba. Suratul Ƙasas, aya ta 68, ta yanke magana: Ubangijinka ne ke halitta abin da Ya so, Shi ke zaɓi.

Tunanin yana da gidajensa. A gargajiyar Yarbawa akwai imanin cewa mutum kan durƙusa ya zaɓi rabonsa kafin ya zo duniya. A Amurka kuwa marubuta irin su Michael Newton ne suka yaɗa shi da littattafai tun 1994, haɗe da aƙidar cewa rai kan mutu ya sake dawowa a wani jikin. Kowa da addininsa, amma kada a ɗauko na wani a naɗa masa rawani a ce namu ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɓarnar da maganar ke yi. Uwa tana zaune a kan tabarmar makoki, sikila ta ɗauke mata yaro na biyu, idanunta sun kumbura, sai wata ta dafa ta ta ce, "Yi haƙuri, ai ke kika amsa tun ran gini." Haba! Wane irin ta'aziyya ke nan? Haka magidancin Zamfara da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansar 'yarsa. In shi ya zaɓa, to ɗan bindigar ba shi da laifi ke nan? Da wannan magana ake wanke azzalumi a ɗora wa wanda aka zalunta, shi kuma ya naɗe hannu ya daina neman mafita.

Magabata ba haka suka fahimci ƙaddara ba. Da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah? Ya ce, e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Saboda haka ke da za ki yi aure, ku je ke da shi a yi muku gwajin jini kafin a sa rana. Wadda mijinta ke duka ta sanar da waliyyinta, in bai daina ba a je gaban alƙali. Kai kuma da ka je gaisuwa, ka ce Allah Ya jiƙansa, Ya ba da haƙuri, ka tambayi masu gida ko akwai abin da za ka kama musu.