Annabi Musa ya ba da lissafi, faston zamani ya ce kada a tambaye shi

Tun da BBC ta fitar da bincikenta kan marigayi Fasto T.B. Joshua a watan Janairun 2024, inda aka zarge shi da cin zarafin mabiyansa, amsa ɗaya ce ta fi yawa a bakin masu kare shi, a Facebook har ma a kan bagadi: "Kada ku taɓa shafaffe na Allah." Cocin Synagogue, wadda ya kafa, ta musanta zarge-zargen, ni kuma ba ni ne alƙalin wannan shari'a ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda aka mayar da aya guda makullin bakin jama'a. Da ita aka rufe mana baki a watan Satumban 2014, lokacin da masaukin baƙi na cocin ya rushe a Legas, mutum 116 suka mutu, shi kuwa mai cocin bai ko bayyana gaban mai binciken musabbabin mutuwar ba duk da sammacin da aka aika masa.

Duk mai so ya buɗe Zabura 105, inda ayar take, ya fara daga aya ta 12. Ana maganar zuriyar Ibrahim ne tun suna 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, Allah kuma yana tsawata wa sarakuna saboda su. Ayar garkuwar marasa ƙarfi ce daga hannun masu iko. Mu mun juya ta, mun ba mai iko, yana kare kansa da ita daga gwauruwar da ta ba da zakkarta.

Tushen matsalar shi ne wata koyarwa da ta cika gari, wai wanda Allah ya kira ba ya shakka, ba ya buƙatar kowa, ba ya amsa wa kowa. Ban san a wane Littafi Mai Tsarki aka samo wannan ba, domin wanda ke hannunmu akasin haka yake nunawa.

Musa yana da shekara 80, yana kiwon garken surukinsa Yetro, sa'ad da aka kira shi daga cikin kurmin da ke cin wuta a Horeb. Babi na 3 da na 4 na Fitowa cike suke da hanzarinsa. Ya ce wane ne shi da zai tunkari Fir'auna. Ya ce in an tambaye shi sunan wanda ya aiko shi, me zai ce. Ya ce ba za a gaskata shi ba, ya ce harshensa da nauyi, daga ƙarshe ya fito fili ya roƙa a aiki wani. Allah ya yi fushi, amma bai ƙwace kiran ba, bai kuma mayar da shi gwanin magana nan take ba. Sai ya haɗa shi da wansa Haruna ya zama bakinsa. 'Yan'uwanmu Musulmi sun san wannan daga Suratu Ɗaha, inda Musa da kansa ya roƙi a ba shi Haruna ya zama mataimakinsa. Tun ranar farko aikin na mutum biyu ne.

Haka kuma aka ci gaba. A Fitowa 18 Yetro, firist na Madayana wanda bai ga kurmin nan ba, ya tarar da Musa yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai daga safe har yamma. Ya gaya masa kai tsaye cewa abin da yake yi ba shi da kyau, zai kashe kansa da gajiya, ya gajiyar da jama'a. Musa bai ce masa "ka san da wa kake magana?" ba. Ya ji shawara, ya naɗa shugabannin dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma. A Littafin Ƙidaya 11 shi da bakinsa ya yi kuka cewa kayan sun fi ƙarfinsa, aka ɗibi daga Ruhun da ke kansa aka sa wa dattawa 70. Da mataimakinsa Joshuwa ya nemi a hana wasu mutum biyu, Eldad da Medad, yin annabci a cikin zango, Musa ya ƙi, ya ce da ma dukan jama'ar Ubangiji annabawa ne.

Inda na fi so fastocinmu su tsaya su karanta shi ne Fitowa 38, wurin da aka saba tsallakewa. Bayan an gama Alfarwar sujada, Musa ya sa aka rubuta lissafin abin da aka kashe, a ƙarƙashin Itamar ɗan Haruna: zinariya talanti 29 da shekel 730, azurfa talanti 100 da shekel 1,775, har da bayanin abin da aka ƙera da ita. Mutumin da ya yi magana da Allah fuska da fuska bai ga ƙasƙanci a wannan ba. Bulus ma, da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai riƙe kuɗin shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8 ya ce ikilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka kuɗin, don kada kowa ya sami abin zargi. To, wane ne wannan da zai karɓi baikon dubban mutane kowace Lahadi, ya ce littafin kuɗin tsakaninsa da Allah ne?

Ga kuma batun gado. Musa yana da 'ya'ya biyu, Gershom da Eliyezer, amma Joshuwa ɗan Nun aka ɗora wa hannu a gaban taron jama'a. Sama'ila da ya naɗa nasa 'ya'yan, Yowel da Abiya, cin hanci suka shiga. Duk da haka, a watan Janairun 2017, da dokar nan ta FRC, hukumar gwamnati mai kula da rahotannin kuɗi, ta ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyin addini shekara 20 a kan kujera, ta kuma hana miƙa wa iyali, Fasto Adeboye ya sauka daga shugabancin cocin Redeemed na Najeriya, sai aka yi caa. Cikin kwanaki kaɗan gwamnati ta dakatar da dokar, ta sallami shugaban hukumar, Jim Obazee. Masu son gwamnati ta shigo ta gyara coci ba su da hujja, gwamnatin da ba ta iya lissafin aljihunta ba. Amma abin kunya ne a ce sai wata hukuma ce za ta tuna wa ikilisiya abin da ke rubuce a littafinta.

Wasu za su ce kwamiti yana kashe Ruhu, wahayi kuma ba ya jiran ƙuri'a. Su je su gaya wa manzannin da suka zauna taro a Ayyukan Manzanni 15, ko Bulus da ya tsawata wa Bitrus a gaban kowa a Antakiya.

Mu a Arewa muna da abin da ya kamata mu riƙe da kyau. Ikilisiyoyin ECWA da COCIN da EYN suna da dattawa, da majalisu tun daga ƙaramar ikilisiya har hedikwata, da shugabannin da ake zaɓa su yi wa'adi su sauka. Ba su rasa nasu rigingimun ba, siyasar zaɓe ma takan yi muni. Sai dai ina ganin matasanmu a Jos da Kaduna da Yola suna barin wannan tsari suna cewa ya tsufa, suna bin cocin mutum ɗaya, inda mai coci shi ne annabi, shi ne ma'aji, matarsa ce mataimakiya, ɗansa kuma yana jiran kujera. Wannan ci gaban mai haƙan rijiya ne.

Kafin ka miƙa zakkarka a irin wannan wuri, tambayi su wa ke sa hannu a asusun coci ban da fasto, ka kuma tambayi wane dattijo ne ya taɓa ce masa a'a ya ci gaba da zama dattijo. A riƙa karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, a rubuta wa'adi cikin tsarin mulkin kowace ikilisiya, makarantun tauhidi kuma su daina yaye wanda bai iya zama a ƙarƙashin majalisa ba. In an amsa maka tambayoyin nan da Zabura 105, ɗauki Littafinka ka nemi wata majami'a.